Kokowar Takobi: Nuna Wasa Kai Tsaye Aikin Ƙwararru Ne

Tun da aka buɗa gasar kokowar takobi a Tawa a shekara ta 1975, babu wasan da ke tara 'yan Nijar kamarta. Jihohi 8 ke kawo 'yan kokowa goma-goma, amma fage ba ya ɗaukar kowa. Mafi yawanmu a telebijin muke kallo, ta hanyar Télé Sahel.

A yau duk mai wayar salula yana iya ɗaga ta ya watsa wasa a Facebook. Madalla. Sai dai a ganina wannan ba ya maye gurbin aikin ƙwararru. Kaye a cikin ƙiftawar ido yake faruwa. Gwiwa ta taɓa ƙasa ko ba ta taɓa ba? Waya ɗaya mai rawa a hannu ba ta raba wannan gardama, ƙara mata wuta take yi. Ana bukatar kamara da yawa kewaye da fage, da mai zaɓen hoton da za a nuna, da mai daidaita sauti don muryar mai sharhi kada ta nutse cikin kiɗa, da na'urar maimaita kaye sannu-sannu.

Tunda gasar zagaya jihohi take yi, muna kira ga magabata da su horar da matasa a kowace jiha, su kuma adana hotunan kowace shekara domin jikokinmu. Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma sai in hoton ya fito tas.

Allah ya sa a ji.