Zuwa ga 'Yan Canjin Wapa: A Riƙa Auna Hasashe



Duk wanda ya ratsa Fagge da hantsi ya san ɗan canji: waya a kunne, kalkuleta a hannu, damin kuɗi ɗaure da roba a aljihu. Ɗan kasuwar Sabon Gari mai odar kaya daga Sin ba dala kaɗai yake nema wurinsa ba, har da shawara. "Alhaji, in saya yau ko in dakata?" Amsar kan fito ba gargada: "Sayi kawai, tashi za ta yi."

Haka aka yi ta faɗa a Fabrairun 2024, lokacin da dala ta doshi naira 1,900 a kasuwar bayan fage. Tun da Babban Banki ya sakar wa kasuwa farashin naira a Yunin 2023 dala take hawa, har aka manta tana iya saukowa. Zuwa tsakiyar Afrilu ta faɗo wajen 1,100. Wanda ya kimshe dala ya kwana ciki. Wanda kuma ya firgita ya sayar a Afrilu, Mayu ya ba shi haushi, don dala ta sake ɗagawa.

Ba ƙarancin wayo ba ne. Tun 1974 masana halayyar ɗan Adam biyu, Daniel Kahneman da Amos Tversky, suka nuna cewa mutum kan auna yiwuwar abu da yadda yake saurin faɗo masa a rai. Wata takwas na hauhawa kan sa a ɗauka gobe ma hawan ne.

Masu hasashen yanayi a Amurka kuwa sun yi fice wajen dacewa: idan suka ce yiwuwar ruwa kashi 70 ce cikin 100, kusan sau bakwai cikin goma ana yin ruwan. Dalili shi ne da lamba suke magana, kuma washegari sama ta yi musu maki.

Ɗan canji ma kullum kasuwa na yi masa maki, rubutawa ce ba ya yi, sai ya riƙe ranar da ya dace ya manta wadda ya kuskure. Sanin gaibu sai Allah, amma ƙiyasi aikin ɗan kasuwa ne.

Don Allah, kowa ya ware shafi a littafin cinikinsa. Ya rubuta hasashen mako, da kashi nawa cikin goma ya yarda da shi, ƙarshen wata ya ƙirga. Kafin nan, kada a zuba jari duka a gefe guda, kuma a faɗa wa abokin ciniki iyakar abin da aka sani.

Allah ya ba da kasuwa mai albarka.