Ƙurjin da ke komowa wuri ɗaya

A Ƙofar Dumi, kamar sauran unguwannin cikin garin Bauchi, duk abin da ya fito wa mutum a gabansa sunansa sanyi. Idan kuwa a ɗuwawu ko a cinya ya fito, sai a ce ƙurajen zafi ne. A je kemis a sayo kafso, a ɓare shi, a barbaɗa garin a kai. Bayan kwana goma wurin ya bushe, a yaba wa mai kemis. Wata uku ko huɗu sai ga shi ya dawo daidai inda ya fito a baya: ƙaiƙayi da zugi tukuna, sannan 'yan ƙuraje masu ruwa su taru wuri guda.

Irin wannan komowa ɗabi'ar cutar hapis ce. Kafso bai taɓa ta ba, domin ƙwayarta bairos ce, shi kuwa maganin bakteriya ne. Ƙurjin da kansa ya warke. Ƙwayar takan kwanta a tushen jijiyoyin da ke ƙasan ƙashin baya, jijiyoyin da suka bazu zuwa al'aura da ɗuwawu da cinyoyi. Zazzaɓi ko gajiya ko haila na iya tayar da ita, ta bi reshen da ta bi ta ɓullo a fata.

Ko wurin ya bushe, ƙwayar tana fita. A 2011 masu bincike a Jami'ar Washington da ke Amurka sun bi mutum 498 masu ɗauke da nau'i na biyu na cutar, ana ɗaukar samfur daga al'aurarsu kullum. Masu yin ƙuraje an sami ƙwayar a kwana 20 cikin 100, waɗanda ba su taɓa ganin ƙurji ba kuma kwana 10 cikin 100. Ke nan magidancin da ya manna filasta a cinya ya shiga ɗakin iyalinsa bai kare kowa ba.

A Disamban 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 846 'yan shekara 15 zuwa 49 ke ɗauke da hapis na al'aura, fiye da ɗaya cikin biyar. Nau'i na biyun kuma yana ninka haɗarin kamuwa da ƙanjamau kusan sau uku.

Takardar gwajin aure ba ta wanke kowa a nan ba. Dokar gwajin da gwamnan Kano ya sa wa hannu a 2024 ta ambaci ƙanjamau da ciwon hanta da sikila, kuma abin da aka saba gwadawa ke nan a Bauchi. Don haka idan ƙurji ya fito wa amarya, saurin nuna mata yatsa zalunci ne. Ƙwayar na iya yin shekaru a jikin mijin ko uwargida shiru, ba su sani ba.

Maganin da zai kore ta gaba ɗaya babu, amma acyclovir na rage kwanakin ciwo. Wani bincike na 2004 ya nuna shan valacyclovir kullum ya rage yaɗa ta ga abokin zama da kashi 48 cikin 100. Kwaroron roba ma na ragewa, haka ƙaurace wa shimfiɗa daga fara zugi har wurin ya warke. Mai ciki da ke da cutar ta faɗa a wurin awo, saboda jariri na iya ɗauka yayin haihuwa. Mai zuwa Asibitin Koyarwa na Abubakar Tafawa Ɓalewa kuma ya je tun ƙurjin na da ruwa, domin a lokacin ne likita ya fi gane shi.