DAGA BAKIN ALLO: Romon Taliya Da Sanyin Hunturu

Da fatan kowa ya tanadi bargo da man kaɗanya, domin kuwa hunturu ya kankama. Daga Disamba zuwa Fabrairu, iskar nan da ke busowa daga hamadar Sahara ba ta raga wa kowa, tun daga nan Bawku har Yendi da Salaga. Da rana hazo, leɓe ya tsage, diddige ya yi faso. Da asuba kuwa, ruwan alwala sai ka ce daga firji aka ɗebo shi.

Abin da ya sa na ɗauko zancen abinci a wannan wata shi ne wani yaro ɗan aji biyar a makarantar da nake koyarwa. Ran nan da safe na ba su aikin lissafi, sai na ga ya kasa riƙe alƙalami, hannunsa sai rawa yake yi. Na ce masa, "Kai, me ka karya da shi yau?" Ya ce, "Malam, ban ci komai ba. Mma ta ba ni kuɗi, in an fita tara zan sayi Indomie." Da aka fita na bi shi da ido. Ashe ma ba dafaffiya yake saye ba. Murmushe ta ya yi a cikin leda, ya juye gishirin da barkonon da ke ciki, ya hau ci. Na tambaye shi dalili, ya ce wai yaji maganin sanyi ne.

To, ba shi kaɗai ke da wannan fahimta ba, har da manya. Gaskiyar magana ita ce, barkono ba ya ƙara wa jiki ɗumi. Akwai wani sinadari a cikinsa da ke ruɗar jijiyoyin baki, su kai wa ƙwaƙwalwa labarin cewa an ƙone. Nan take jiki zai fara zufa don ya huce. Shi ya sa mai cin yaji ke share goshi, bayan ɗan lokaci kuma in iska ta buge shi sanyin ya dawo sabo. Abin da ke ɗumama mutum shi ne ruwa mai zafi da ya shiga ciki, da kuma abincin da jiki zai ƙona ya sami ƙarfi. Amfanin yaji shi ne ya buɗe hanci, ya sa a ji marmarin ci. Ke nan romo ne maigida, yaji ɗan rakiya ne.

Wani zai ce ai taliya abincin 'yan zamani ce. Ba haka ba ne. Ita wadda ake kira "nan take" a ƙasar Japan aka ƙirƙiro ta a 1958, Indomie kuma daga Indunusiya ta samo asali. Amma tun kafin wannan Hausawa sun san taliyar alkama, musamman a Kano, inda Larabawan Turabulus da Gadamas suka zauna da irin nasu abinci. Kakanninmu fatake da suka riƙa zuwa Salaga fataucin goro sun zo da harshensu da girkinsu, kuma da yaƙin basasar 1892 ya watsa garin, sai suka bazu da su zuwa Kete-Krachi da Yeji da sauran zanguna. Ni kaina na tashi a Salaga na ga kakata tana yin taliyar murji da hannu, ta shanya a faifai, ta dafa mana da manja da yaji. Abin da nake kira a yi yanzu shi ne a haɗa wannan taliya da farfesun da muka gada, a sami kwano ɗaya mai ƙosarwa da ɗumamawa.

Ga yadda uwargida ke yi mana, na mutum shida. Tun da dare, bayan an sauke tuwo, takan ɗora ruwa kamar lita 2 a sauran garwashin. Ta zuba albasa 2, irin jar nan tamu ta Bawku, da tumatir 3, da attaruhu 2 kacal, da ɗanyar citta kamar tsawon babban yatsa, da tafarnuwa, da 'yar daddawa, da masoro da kanumfari kaɗan. Sai abin da zai ba romon daɗi. Mutanen Salaga na da busasshen kifin tafkin Volta da ke zuwa ta Makango. A Yendi, inda na yi shekarun farko na koyarwa, zabo ne abin samu, kuma ƙashinsa da wuyansa ma sun isa. Wanda bai da ko ɗaya, ƙashin saniya daga mahauta ya wadatar. A bar shi ya tafasa kamar minti 40, a rufe, a sauke.

Da asuba, bayan salla, sai a mayar da tukunya a wuta ta sake tafasa sosai. Wannan tafasar ba a wasa da ita, tunda romon ya kwana. Sannan a zuba taliya. In ta leda ce, guda 3 sun isa, kuma minti 3 ta nuna. In taliyar Hausa ce ko sufageti, a kakkarya, a ba ta kamar minti 10. Daf da saukewa a watsa alayyafo ko zogale ko kabeji, in da hali a fasa ƙwai 2 a juya. Kada a bari ruwan ya tsotse, domin shi ake nema. Kafin yara su gama wanka, karin kumallo ya sauka.

Sai dai akwai kashedi guda uku. Na farko, ƙullin ɗanɗanon da ke cikin ledar taliya gishiri ya fi yawa a cikinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya. Saboda haka in an sa leda 3, ƙulli ɗaya ya isa, kuma kada a ƙara dunƙule a kai. Dattawanmu masu hawan jini su fi kowa kula. Na biyu, a ɗibar wa yara nasu kafin a ƙara yaji, a ajiye dakakken barkono a gefe ga mai so. Mai gyambon ciki ma ya sassauta, don yaji na tayar masa da ciwo. Na uku, kada sanyi ya sa a shigar da murhun gawayi cikin ɗaki a rufe ƙofa da taga. Gawayi na fitar da wata iska marar wari da ke kashe mutum yana barci. A yi girki a waje, a shigo da kwano kawai.

Na san akwai shirin ciyar da 'yan makaranta da gwamnati ta fara a 2005, kuma yana taimakawa. Amma bai kai kowace makaranta ba, inda ya kai ma sai rana ta ɗaga ake rabawa. Alhali kuwa darussa masu nauyi, lissafi da karatu, da safe muke yin su, lokacin da sanyi ya fi tsanani. Yaron da cikinsa ke kuka, haƙoransa na kaɗawa, ko malamin ya iya koyarwa kamar me, a banza. Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Na je gidan su yaron nan na gaida mahaifiyarsa, muka yi wannan magana. Ta ce, "Malam, ai ban san busasshiya yake ci ba." Da muka lissafa, kuɗin da take raba wa 'ya'yanta huɗu kowace safiya ya isa ya tayar da tukunya guda ta gida duka. Yanzu yaron na zuwa da ɗuminsa, rubutunsa ma ya miƙe.

Iyaye mata, a daure a gwada ko da sau uku ne a mako, kafin zafi ya shigo a watan Maris. Mu kuma iyaye maza, mu riƙa tunawa da kuɗin cefane tun da dare. Allah Ya raba mu da mura da tari, Ya kai mu ƙarshen hunturu lafiya. Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah Ya yarda.