Bakin Mai Horarwa, Hankalin Mai Tsalle

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin ramin yashi ranar wasannin makaranta ya san irin surutun da ake yi wa yaro kafin ya tashi sama. Malamin wasanni na ihun "miƙe gwiwa", mataimakinsa na cewa "wurga hannu gaba". Niyyarsu kyakkyawa ce, sai dai bincike ya nuna cewa irin wannan umarni yakan rage nisan tsallen da ake son ƙarawa.

Tun shekarar 1998 Farfesa Gabriele Wulf, wadda ta daɗe tana koyarwa a Jami'ar Nevada da ke Las Begas a Amurka, take nazarin inda ya kamata ɗan wasa ya ajiye hankalinsa: a kan gaɓoɓin jikinsa, ko a kan abin da yake son cimmawa a waje. A wani gwajinta, an sa mutane su yi tsalle su taɓo ƙananan sanduna da aka jera a sama. Wani lokaci a ce su mai da hankali kan yatsan da za su taɓa da shi, wani lokaci kuma kan sandar kanta. Bambancin kalma ɗaya ne tak, amma sun fi tashi sama idan hankali na kan sandar. Abin mamaki, da aka auna aikin tsokokin ƙafarsu a 2010, sai aka ga tsokokin sun rage wahala alhali tsallen ya ƙaru. Jared Porter da abokan aikinsa sun samu irin wannan sakamako a tsallen nisa daga tsaye.

Dalilin ba baƙo ba ne ga wanda ya taɓa kallon mata suna lugude. Mace na cilla taɓarya sama, ta tafa hannu, ta cafe, ba ta ko duba ba. Ka ce mata ta lura da yadda wuyan hannunta ke juyawa, ka ga yadda kiɗan zai wargaje. Jiki ya iya tsara motsinsa da kansa. Idan tunani ya tsoma baki a kan gaɓa guda, sai tsokoki su ɗaure, wasu su riƙa ja da wasu.

Ba ina nufin malami ya daina lura da gwiwa ba. Wannan aikin idonsa ne. Amma abin da ido ya gani, sai baki ya sake masa riga kafin ya isa kunnen yaro. Maimakon "miƙe gwiwa", ya ce "ture ƙasa da ƙarfi", ko ya kafa tuta can gaba ya ce "nufi wancan". Wannan gyara ba ya bukatar ko kwabo daga asusun makaranta, wanda dama kullum a bushe yake.

Wani zai ce ribar 'yan santimita ce kawai. Haka ne. A gasar Olamfik ta Tokiyo a 2021, Malaika Mihambo ta Jamus ta ɗauki zinare da mita 7.00, Ese Brume tamu kuwa ta tsira da tagulla da mita 6.97.