Ba Jita Ce Ta Kori Mai Kalangu Ba

A wani biki da na je a Magarya, wani dattijo ya ji samari sun kunna Mdou Moctar a waya, sai ya yamutsa fuska ya ce, "Wannan hayaniya ita za ta binne mana kiɗan gado." Bai gama rufe baki ba aka saki waƙar nanaye ta Kano a lasifika: fiyano zalla, an tace muryar mawaƙiyar da na'ura har ta zama kamar ta aljana, kari kuma na fim ɗin Indiya. Baba bai ce uffan ba. Har ƙafa na ga yana kaɗawa.

Ra'ayin nan ya yi kaka-gida tun daga Bande har Dungas. Wai jita kayan Turawa ce ko ta Abzinawa, duk wanda ya haɗa ta da kalangu ya gurɓata al'ada, namu kuwa tsantsa ne. Ni ban yarda ba.

A fara da wanda aka tsine wa. Kundin waƙoƙin Mdou Moctar na farko, Anar, a Sakkwato aka naɗe shi a 2008. Ba'abzine ne daga jihar Tawa, ya ɗauko jitarsa da harshensa na Tamashek, ya zuba su cikin salon situdiyon Hausa, da gangar na'ura da tace murya irin ta waƙoƙin fim. Wato shi ya ara daga wurinmu. Waƙoƙin suka yi ta yawo daga waya zuwa waya ta Bluetooth, yadda ake tura waƙa a rumfar masu caji, har wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya ji waƙarsa "Tahoultine" ya sa ta cikin wani faifai a 2011. Bayan shekara goma sai ga kundinsa Afrique Victime, da cikakkiyar ƙungiya, ana cika dandali a Amurka da Turai. To wa ya gurɓata wa?

Ƙungiyar Tal National ta Yamai ma haka. Kaani, kundinsu na farko da ya fita duniya a 2013, ya cakuɗa kiɗan Hausa da na Zabarmawa da Fulani da Abzinawa, jita na gudu kamar an kunna mata wuta, kalangu na amsa mata. Shugabansu, wanda aka fi sani da Almeida, har alƙalanci ya yi. Kafin su akwai Mamar Kassey ta Yacouba Moumouni, mai sarewa da molo da kalangu gefe guda da jitar lantarki. A irin waɗannan ƙungiyoyi mai kalangu yana da aiki, yana da sallama, yana hawa jirgi.

Tsantsar da ake tutiya da ita ma, yaushe aka yi ta? Algaitar da ake busa wa Sarkin Damagaram sunanta kaɗai ya tona asirinta, daga Magrib ta gangaro. Kakaki, in ji Tarihin Kano, a zamanin Muhammadu Rumfa ya shigo. Bandirin 'yan Ƙadiriyya baƙo ne. Duk sun kwana biyu ne kawai, har aka manta ranar da suka sauka.

Ban ce kowace cakuɗa daɗi gare ta ba. Akwai masu rataya kalangu a wuya don Bature ya ɗauki hoto, ba su san ko take ɗaya ba. Wannan a yi masa dariya, ya cancanta.

Amma abin da ya kori makaɗan gargajiya daga bukukuwanmu a fili yake, kowa ya sani, kunyar faɗa ake yi. Na farko kuɗi: mutum ɗaya da lasifika da memori ya fi arha a kan makaɗa biyar da za a ciyar, a yi wa kari, a sallama. Na biyu raini. Masu kukan gado ya ɓace, wane ne cikinsu zai bar ɗansa ya koyi gurmi? Wa zai ba maroƙi 'yarsa ba tare da dangi sun yi taro ba? Muna son Shata da Ɗan Maraya da Ma'azu Ɗan Alalo a rediyo, ba ma son magajinsu a zaurenmu. Yaron da ya ɗauki jita aƙalla ya yarda ya bugi tsirkiya da yatsunsa, ya yi gumi, ya yi kuskure gaban jama'a. Memori ba ta koyon take, ba ta san kirarin gidan kowa ba.

A bikin nan akwai mai kalangu. Yana zaune can gefen tabarma, ganga a cinya, ba wanda ya gayyace shi. Sai wajen ƙarfe goma sha ɗaya, da man injin wuta ya ƙare lasifika ta mutu, aka waiwaye shi. Ya miƙe ya matse kalangu a hammata, ya kama taken manoma, mata suka rangaɗa guɗa. Samarin nan masu Mdou Moctar su suka fara shiga fili suna liƙa masa naira. Baba kuwa tuni ya tafi barci.