Makaɗi da Tsohon Kango: Hakkin da ke Wuyan Sashen Hausa

Masu iya magana sun ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Duk wanda ya dubi yadda nazarin waƙar baka ya gudana a jami'o'in ƙasar nan tun daga shekarun 1970, zai ga wannan karin magana ya dace da makaɗin da ke bayan mawaƙi. A shekarar 1975 Ɗandatti Abdulƙadir ya kammala kundin digirinsa na uku a kan Alhaji Mamman Shata a Jami'ar Indiyana ta Amurka, a 1988 kuwa Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Shatan digirin girmamawa. Wannan duk daidai ne, kuma ya cancanta. Amma fa Shata a tsaye yake waƙa, ba kalangu a hannunsa. Kalangunan da ke tallafe da muryarsa a hammatar waɗansu mutane suke, waɗanda ɗalibi zai iya ƙare karatunsa a Sashen Hausa bai taɓa jin an yi lacca guda a kansu ba, balle wanda ya sassaƙa kalangun, ko wanda ya yi masa sabuwar fata ranar da tsohuwar ta fashe.

Abin da wannan maƙala take kira a kai shi ne, makaɗin da ya tsufa a cikin sana'arsa, ya koma gyaran tsofaffin kayan kiɗa, malami ne, kuma ilimin da ke kansa ilimin Hausa ne. Idan Sashen Hausa bai tashi ya ɗauke shi ba, to, babu wanda zai ɗauka.

A dubi rayuwar irin wannan mutum. Galibi gadon kiɗa ya yi, ya buɗe ido ya ga kalangu rataye a zauren gidansu. Tun yana yaro ake ba shi ƙaramin abin kiɗa, kamar kuntuku ko ɗan karɓi, yana bin manya yana riƙe musu kiɗa. Daga nan ya shiga kiɗan 'yan mata a dandali, da kiɗan fawa ranar kasuwa, domin kalangu tun asali abokin mahauta ne, kamar yadda dundufa take ta maƙera, gangar noma ta manoma. Da kaka ya bi 'yan dambe ƙauye ƙauye. In hannunsa ya faɗa, sai wani mawaƙi ya ɗauke shi, ya shekara goma a wannan ƙungiya, ta watse, ya koma wata. Ba a san shi a rediyo ba, amma ba wani biki ko suna ko naɗin sarauta a yankinsu da aka yi ba da shi ba. Ran da ƙarfi ya fara ja baya, dantse ya daina jure matsar tsarkiya dare guda, sai ya zauna a zaure, matasan makaɗa suna kawo masa kayansu yana gyarawa.

A wannan zaure ne ilimin yake. Shi ne ya san cewa ran ganga yana jikin kangonta, watau icen da aka fafe, fata kuwa riga ce da ake sauyawa. Ya san kangon da aka sassaƙa da ƙirya da wanda aka yi da alilliba, ya kuma san wanda aka yi gaggawar aiki da shi yana ɗanye, domin shi ne ke tsagewa da hunturu. Ya san fatar da ta dace da kalangu, mai laushi marar kauri, irin ta ƙaramar akuya, da wadda ta dace da tambari, watau kirgin sa. Ya san yadda za a jiƙa fata, a kankare gashinta, a ɗinke ta tana da danshi, a bar ta ta bushe a inuwa. Ya san yawan danƙon da za a shafa a tsakiyar fatar kotso ko taushi don amon ya zauna. Ya san abokan gabar sana'ar, watau gara da ɓera da danshin damina. Fiye da duk wannan, yana da kunne. Da ya ɗora gula sau ɗaya, zai faɗi ko tsarkiya ce ta saki ko kango ne ya sami tsaga, alhali mai kallo bai ga komai ba.

To, wannan ilimi yana cikin haɗari ta fuska uku. Ta farko, tun daga shekarun 1990, da finafinan Hausa suka bunƙasa, fiyano da ɗakin ɗaukar murya suka karɓe yawancin aikin da makaɗa ke ci da shi, har ya zama mutum guda da na'ura yana yin abin da mutum shida ke yi a da. Ta biyu, itatuwan da ake sassaƙa kango da su suna ƙaranci, musamman ƙirya, wadda masu gawayi da masu sassaƙa turmi su ma ita suke nema. Ta uku, 'ya'yan makaɗa da yawa sun ga sana'ar ba ta riƙe iyayensu ba, sun kama wata hanya, kuma ba mai ganin laifinsu. Manyan da aka san su da kayan gargajiya sun tafi ɗaya bayan ɗaya: Musa Ɗanƙwairo mai kotso a 1991, Shata a 1999, Barmani Coge mai ƙwarya a 2013, Ɗanmaraya Jos mai kuntigi a 2015. Waɗannan an ji rasuwarsu. Mabiyansu da masu yi musu gyara kuwa shiru suke tafiya.

Wani zai ce wannan aikin masu nazarin kiɗa ne, ina ruwan Sashen Hausa da ice da fata? Amsa ita ce kalangu Hausa yake yi. Harshen Hausa yana da karin sauti, na sama da na ƙasa da mai faɗuwa, yana kuma da gaɓa mai nauyi da marar nauyi. Makaɗi yakan matse tsarkiya ko ya sassauta ta don ya bi wannan hawa da sauka, shi ya sa ɗan dambe ke jin takensa daga nesa ya zabura ba tare da an ambaci sunansa da baki ba. Ɗalibin da ke haddace karin sauti a allo, da zai zauna awa guda gaban makaɗi, da ya ji abin da kunnensa. Daɗin daɗawa, kowane sashe na abin kiɗa yana da sunansa, kowane mataki na gyara yana da kalmarsa. A 1971 David Ames da Anthony King suka buga ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa, daga baya Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya yi aiki mai yawa a kan makaɗa da mawaƙa. Sai dai ƙasar Hausa faɗi gare ta, abin da ake kira da wani suna a Katsina ba lalle ne haka ake kiransa a Gobir ko Damagaram ba.

Wani kuma zai ce ai an ɗauki waƙoƙin a faifai da kaset, an kuma ajiye kayan a gidajen tarihi. Haƙiƙa faifai yana adana amo, amma ba ya koya wa kowa yadda za a sake fitar da shi. Gangar da aka sa a cikin gilashi kuwa, fatarta ta bushe, tsarkiyarta ta tsinke, gawa ce kawai aka keɓe. Tamburan da ke fadojin sarakuna, irin su Gwauron Tambari da ke cikin kayan sarautar Katsina, darajarsu ita ce a ji su ranar da ta kama a ji su, wannan kuwa ba ya yiwuwa sai da wanda ya iya yi musu fata.

Akwai kuma mai cewa kiɗa wasa ne, bai kamata mai neman ilimi ya ɓata lokaci a kansa ba. Wannan magana tana da tushe, ba a kuma raina ta. Amma ko Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, da ya soki sarakunan Hausa a kan shagala da kaɗe-kaɗe a cikin Kitabul Farƙ, ya ware buga tambari don wata bukata ta halal, kamar tara runduna. Bayan haka, rubuta yadda al'umma ta rayu daban, yin fatawa a kan abin da ta aikata daban. Sashen da ke nazarin bori da tsafe-tsafen maguzawa don sanin tarihi, ba shi da hujjar ƙyamar zauren makaɗi.

Abin da ya faru a Jamhuriyar Nijar ya isa darasi. Biram, abin kiɗa mai tsarkiya biyar na Buduma mazauna Tafkin Chadi, ya kai ga saura dattijo guda da aka sani ya iya shi, watau Bukar Tar. A 2002 Malam Mamman Barka ya sami tallafin UNESCO, ya tafi ya zauna wurinsa ya koya, kafin dattijon ya rasu. Da an yi jinkiri kaɗan, da biram ya zama labari. Shi kansa Barka ya rasu a 2018, abin da ke nuna cewa ceton da ya tsaya a kan mutum ɗaya bai gama zama ceto ba.

Saboda haka akwai abubuwa uku da ba su fi ƙarfin kowane Sashen Hausa ba. Na farko, a cikin ɗaliban da ke rubuta kundin kammala digiri kowace shekara, a tura waɗansu su rubuta tarihin makaɗan garuruwansu, da ƙungiyoyin da suka bi, da take-taken da suka sani, da kalmomin sana'arsu, maimakon a yi ta maimaita jigo da salon waƙoƙin da aka riga aka tatse. Na biyu, sashe ya nemi tsofaffin kanguna da ke yashe a zauruka, ya ba masu gyara su raya su a gaban ɗalibai, a ɗauki hoton aikin daga jiƙa fata har zuwa bugun farko. Na uku, wanda ya fi duka, a gayyaci makaɗin a matsayin malami, a ba shi kujera a aji, a biya shi hakkinsa kamar yadda ake biyan baƙon malami, kada a tsaya kiransa ranar Makon Hausa kawai ya yi wa manyan baƙi kiɗa a yi masa liƙi.

Da tsohuwar zuma ake magani, in ji Hausawa, amma sai in an same ta. Dattawan nan suna nan a raye a unguwanni da ƙauyuka, waɗansunsu ma ba su da nisa da ƙofar jami'a. Allah ya sa malamai da ɗalibai su isa gare su tun suna iya magana.