Tunjere Ba Ya Mantuwa

A wannan wata za mu taɓo maganar da ba a son yi a bainar jama'a, to amma kunya ba ta taɓa warkar da kowa ba.

Akwai wani dattijo a zangonmu, tsohon bafataken goro, wanda a 'yan shekarun nan ya soma rikicewa. Sai ya manta sunan jikokinsa, ya yi faɗa ba dalili, in yana tafiya yana buga ƙafa da ƙarfi kamar ba ya jin ƙasa, da dare kuwa ba ya iya tsayuwa sai an riƙe shi. Aka ce sammu ne, aka ce iska ce. An sha rubutu, an yi hayaƙi, an sayar da tumaki biyu. Da ƙyar ɗansa, wanda tsohon ɗalibinmu ne, ya kai shi asibiti. Aka auna jini, aka ɗebi ruwan ƙashin baya, likita ya ce tunjere ne ya hau ƙwaƙwalwa da lakka. Dattijo ya rantse rabonsa da wani ƙurji a gabansa tun yana saurayi, kuma da kansa ya warke.

Nan ne fa makircin cutar yake. Ƙurjin farko ba ya zafi, bayan 'yan makonni ya bushe ko ba a sa masa komai ba. Daga baya ƙuraje su feso a jiki, har tafin hannu da na ƙafa, su ma su wuce. Sai mutum ya ce ya warke, mai maganin gargajiya kuma ya karɓi godiya. Alhali ƙwayar cutar, wadda wasu masana biyu, Schaudinn da Hoffmann, suka gano a Jamus a 1905, tana nan kwance a jiki. Tana iya yin shekara 10 har 30 shiru. A cikin waɗanda ba a yi wa magani ba, kusan ɗaya cikin uku ne take tasowa a kansu: wani ta ci masa babbar jijiyar da ke fita daga zuciya, wani ta fito masa da gyambo mai cin fata da ƙashi har ta rusa karan hanci, wani kuma ido ko kunne ko hankali.

Maganinta dai ba sabo ba ne. Tun 1943 aka fara kashe ta da fenisilin a Amurka, har yau kuma shi ne gaba. Wanda cutar ta daɗe a jikinsa amma ba ta taɓa ƙwaƙwalwa ba, allura ake yi masa a ɗuwawu, irin fenisilin mai daɗewa a jiki, sau ɗaya a mako har mako 3. Allurar tana da zafi, ba za mu ɓoye muku ba, kuma a nan mutanenmu ke karyewa. Mutum ya karɓi ta farko, ranar ta biyu ta zo daidai da ranar kasuwa ko wata tafiya, ya ce sai ya dawo. In tazarar ta wuce kwana 14, to an koma farko ke nan, zafin baya ya tashi a banza. Wanda kuwa ta hau masa ƙwaƙwalwa ko ido, irin dattijon nan, kwanciya asibiti ce ta kwana 10 zuwa 14, ana ɗura masa fenisilin ta jijiya dare da rana. Kafsol ɗin da ake saya a tebur ba zai yi wannan aiki ba. Wanda jikinsa ba ya karɓar fenisilin ya faɗa wa likita tun kafin a huda shi. Haka kuma in zazzaɓi da ciwon kai suka taso a ranar allurar farko, abin yakan faru, yakan kuma sauka cikin yini guda. A sanar da likita, kada a gudu.

Sai maganar gida. Dole a auna matan aure duka, ba amarya kaɗai ba, a auna ƙanjamau ma a lokaci guda. Mai juna biyu tana iya sa wa abin da ke cikinta, ya zo babu rai ko da lalura, shi ya sa ake ɗibar jini wurin awon ciki. Amma muna roƙon maigida kada ya yi saurin zargi ko saki. A ƙasashen kurmi irin Gana da Kamaru akwai wata cutar gyambo da yara ke ɗauka wajen wasa, Turawa na ce mata yos, ƙwayarta 'yar uwar ta tunjere ce, awon jini ba ya bambance su. Mace na iya ɗauke da tabonta a jini tun tana 'yar shekara 6.

Magani yana kashe ƙwayar, amma ba ya gyara abin da ta riga ta ɓata. Dattijon ya gama kwanakinsa 14, faɗan ya ragu, yana gane jikokinsa, sai dai tafiya har yanzu da sanda. An ba shi takarda ya riƙa komawa awon jini lokaci-lokaci. Ɗan nasa ya kawo mana ita makaranta, muka rubuta masa ranakun a jikin kalandar ɗakin uban.